Kwaɗon Zogale a Ƙarƙashin Hula

Akwai wani dattijo a layinmu, Baba Jibo, tsohon direban tirela, mai taurin kai na gado. Da shekaru suka ja, mantuwa ta sako shi gaba. Sau biyu yana tafiya masallacin Juma'a a kan babur ya dawo a ƙafa, sannan ya tara unguwa wai an sace masa babur a ƙofar gida. Babban ɗansa Mamuda ya ga abin ya isa, ya ƙwace makullin, ya kai shi asibiti. Ni dai na tausaya masa, don raba Baba Jibo da abin hawa daidai yake da raba shi da ransa.

Likitar ta ce ya rage maiƙo da zaƙi, ya riƙa tattaki, ya dage da zogale da gyaɗa da kifi, don su ne abincin ƙwaƙwalwa. Ta karɓi makullin ta jefa a durowa, ta ce in ya dawo bayan wata guda ta ga sauƙi, za ta ba shi abinsa.

Baba Jibo ya kama "abincin ƙwaƙwalwa", sauran ya bar mata kayanta. Kullum da safe sai a yi masa kwaɗon zogale da ƙuli, a marmasa busasshen kifi a ciki, ya kwashe ya dambara a tsakiyar kai, ya kifa hula. Tattaki kuwa ya sha shi ba don Allah ba, don duk inda ya sa ƙafa awaki da magunan unguwa na biye da shi. Ko a sahun salla sai ka ga gefensa fili.

Ranar komawa, tun daga ƙofa likitar ta toshe hanci. Ta sa ya cire hula, ƙudaje suka tashi buu. Mamuda kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Baba, ci fa na ce ka yi, ta baki," in ji likitar. "Ciki ne ke sarrafawa ya aika wa ƙwaƙwalwa rabonta. In ba haka za ka yi ba, makullin nan yana nan inda yake."

Baba Jibo ya dubi durowar, ya shafa tumbinsa, ya mayar da hularsa a tsanake.

"'Yar nan, shekara saba'in da uku ina ba cikin nan saƙo ya kai sama. Da yana kaiwa, da kin gan ni a nan?"