Murfin Tukunya Mai Waƙa

Wani mutum ne ya gaji faifan garmaho ɗaya daga kakansa. Ko iska ba ya bari ta taɓa shi. Rannan wani mai tara irin waɗannan tsofaffin kaya ya yi masa tayi daga wani gari mai nisa, kuɗin da zai isa ya sake rufin gidansa. Ya ce a aiko masa ta gidan waya.

Mutumin ya naɗe faifai cikin tawul uku, ya je ya biya inshora. Akawun da ke kan kanta ta miƙo masa fom.

"Malam, rubuta abin da ke ciki."

Ya waiga dama, ya waiga hagu. A ransa ya ce, in na rubuta gaskiya ai na yi wa ɓarayi shela. Sai ya rubuta: murfin tukunya. Ya fito yana jin daɗin wayonsa.

Sati shida, shiru. Kaya ya ɓace. Ya koma da rasit a hannu.

"Baiwar Allah, diyya na zo karɓa. Abin nan babu irinsa a duniya."

Ta buɗe fayil, ta gyara tabarau. "Murfin tukunyar?"

"Ba murfi ba ne. Faifai ne, na kakana. Waƙa yake yi!"

"Murfin ne yake waƙa?"

Hayaniya ta fito da manaja daga ofis. Ya saurari bayani har ƙarshe, yana gyaɗa kai.

"Wato kana nufin ƙarya ka rubuta a takardar hukuma, kuma ka sa hannu? Tarar wannan ta fi diyyar da kake nema. Akwai ma zaman kotu."

Mutumin ya sassauta murya. "Ranka ya daɗe, da na sake tunani, murfi ne."

"Madalla. Kawo tukunyar mu auna bakinta, mu san girman asararka."

Ya isa gida, ya tarar da uwargida ta wanke babbar tukunyarta za ta ɗora girki. Ya sunkuce ta.

"Maigida, lafiya? Ina za ka kai min tukunya?"

"Shaida za ta bayar. Yanzu za ta dawo."

Aka zauna mutum huɗu a kanta. Wannan ya auna da rula, wancan ya ƙwanƙwasa gindinta ya kasa kunne. Wani ya rubuta cewa lallai an ga tukunya, kuma an tabbatar ba ta da murfi. Manaja ya buga hatimi.

"To, Malam, ka ci rabin nasara. Saura hedikwata su gani da idonsu."

"Su zo nan?"

"Su zo? Tukunyar ce za ta je."

"Ta ina?"

"Ta gidan waya mana. Nan ina ne?"

Mutumin ya tuna fuskar matarsa. Ya ce a yi wa tukunyar inshora, mafi tsada da ake da ita. Akawu ta jawo sabon fom, ta cire murfin biro.

"Yau ni zan cike maka. Me za a ce yana ciki?"

Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya sunkuyo da murya ƙasa-ƙasa.

"Rubuta faifan garmaho. Ni ba a yi min sau biyu."