Baƙar Jakar da Na Tsinta a Akwatin Lefe

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so mantawa dangin mijina ba za su bar ni ba, da wata Asabar da na shiga gidansu da ke unguwar Bagadaza riƙe da kular abinci wadda babu abinci a cikinta.

Bari in ɗauko maganar daga tushe, kada a yi mini gurguwar fahimta (ko da yake ko an fahimce ni daidai ba na jin zan fita). Na gama jami'a, na gama bautar ƙasa, na yi aure, aiki kuwa shiru. Da zaman gida a unguwarmu Pantami ya fara isata, sai na jawo keken ɗinkin da aka saka mini a kayan ɗaki, na fara koyon ɗinka jakunkuna ta bidiyon waya. Ba sana'a ba ce, kada in yaudare ku. Ƙyallayen atamfa nake yankawa ƙanana, in harhaɗa su, in saka siririn soso a tsakiya, in bi da ɗinki layi-layi, in fitar da 'yan jakunkunan waya da na kayan kwalliya. Wasu sun yi kyau. Wasu kuma sun tafi cikin buhun tarkace da ke bayan ƙofa, inda nake binne duk abin da ba na so a san ni na yi shi.

Ya kamata kuma ku san ni mutum ce mai fargaba. Nakan koma in duba gas bayan na kulle ƙofa, sannan in koma in duba ƙofar, tunda na buɗe ta don duba gas. Kafin bikina ƙawaye sun cika mini kunne: kada ki bar gashinki a mataji, kada ki bari guntun zaninki ya shiga hannun kowa a dangin miji. A lokacin dariya na yi, na ce ni kimiyya na karanta. Amma na adana maganar a wani lungu na raina, ko za a buƙace ta.

Sai ga Goggo. Ƙanwar mahaifin mijina ce, ita ta rene shi tun rasuwar mahaifiyarsa, saboda haka ita ce surukata. Doguwa ce siririya, mai kunya irin ta Fulanin da, ko sunan ɗan nata ba ta faɗa. In na gaishe ta sai ta amsa a taƙaice, ta ɗan kalle ni, ta kau da kai. Ban san ko tana sona ba, kuma babu abin da nake nema a lokacin kamar in shiga ranta. Na san in ta juya mini baya, gidan nan gaba ɗaya ya juya.

Wata rana ta zo ta same ni a kan keke. Ta zauna tana kallona har na fara karkatar da layi. Can ta nuna buhun bayan ƙofa.

"Waɗannan guntayen, zubarwa kike yi?"

"E, Goggo. To, ba duka ba. Wani lokaci dai."

"Ba ni su."

Na ba ta har da murmushi. Sai bayan ta hau Keke Napep na tuna cewa a cikin buhun akwai ragowar atamfar da na ɗaura ranar kamu. Na ce wa kaina babu komai, wataƙila matashi za ta cusa. Na maimaita "babu komai" har kalmar ta daina yi mini ma'ana.

Da ta sake zuwa, a farkon damina, sai ta ce za ta yi sallar la'asar a uwar ɗakina. Ga falo a share, ga darduma a shimfiɗe, amma uwar ɗaki. Ta kuma daɗe. Ban ce ta wuce ƙima ba, mutum yana iya tsawaita addu'a. Amma na ji wani sauti mai kama da jan zif ɗin akwati, kuma a iya sanina babu wannan a cikin sallah.

Bayan kwana biyu ina neman leshi a akwatin lefena, hannuna ya taɓo wani abu a can ƙasa. Baƙi ne, bai wuce tafin hannu ba, a cushe tam, an ɗinke bakinsa da baƙin zaren kitso. Kusurwa ɗaya a tsuke, ɗaya a kumbure. Yana fitar da ƙamshi kamar na kanumfari, wanda ya ƙara tayar mini da hankali, domin na ji an ce da ƙamshi ake rufe irin waɗannan abubuwa (ban tuna wanda ya faɗa ba, mai yiwuwa ni ce).

Ban taɓa shi da hannu ba karo na biyu. Da ludayi na kwaso shi, na saka a leda, na ƙulle, na jefa a kula na rufe, don a ganina abin da ke riƙe zafi zai riƙe sharri. Daga nan komai ya zama shaida. Allurar keke ta karye. Kaina ya yi ciwo. Makarantar da na je neman aiki ba su kira ba. Maigida ya ce miyar ranar gishiri ya ɗan yi yawa, abin da bai taɓa faɗa ba. Shi kuwa ba zan iya tunkararsa ba. Da wane baki zan ce matar da ta goya shi ta ajiye mini laya?

Sai na yanke shawarar kai wa Adda Maryam, yayar mijina, malamar firamare ce mai sirri. Na shirya jawabina tsaf: ba na zargin kowa, shawara kawai nake nema. Abin da ban sani ba shi ne a ranar matan dangi sun taru a gidan na Bagadaza suna suyar cincin na bikin wata 'yar uwa. Ina yin sallama na ga tsakar gida cike, ga Goggo a kan tabarma tana yanka ƙullin cincin. Kafin in juya, Fa'iza ƙanwar mijina, wadda ba ta da aiki sai tsokanata, ta fizge kular.

"Yau matar Yaya ta tuna da mu. Dambu ne ko farfesu?"

"Fa'iza, don Allah kawo. Ba na ci ba ne."

"Rowa dai. Ai sai na gani."

Ta buɗe, ta kwance ledar, ta zazzage abin a kan faifai. Kowa ya zuba masa ido.

Adda Maryam ta ce, "Amarya, mene ne wannan?"

A nan ne ya kamata in ce ban sani ba, in yi shiru. Amma na riga na haddace jawabi, kuma mai fargaba in ta haddace abu sai ta sauke shi.

"Adda, ni ban ce wani ya yi wani abu ba. A akwatina na gani. Wataƙila ba komai ba ne. Amma ni ina ɗan taɓa ɗinki, na san yadda ɗinki yake. Ku dubi gefen nan. Babu mai hankalin da zai yi layi a karkace haka sai da nufi. Ku ga inda aka bi wuri ɗaya ana ta maimaitawa. Wannan ba ɗinkin mutumin kirki ba ne, aikin boka ne."

Goggo ta ajiye wuƙar hannunta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ni na saka miki. Bakin kawai na ɗinke. Maryamu, farke shi."

Adda ta sa reza ta yanke zaren. Kanumfari ya zubo, da saiwar jema, da 'yan guntayen itacen sandal. Wata tsohuwa a gefe ta ce ai wannan kowa ya sani, ana saka wa amarya a kaya in damina ta kama don kada su yi warin sanyi, kuma ba a faɗa, sai dai ta buɗe akwati ta ji ƙamshi.

Da a nan aka tsaya, da na sha kunyata na koma gida. Amma Goggo ta ce, "Fa'iza, juya jakar."

Fa'iza ta sa yatsa ta juyo cikin waje. Baƙin ashe shafi ne. Ainihin fuskar jakar kuwa kakin bautar ƙasa ne, da jan zif da aka ɗinka rabi aka gaji. Duk dangin nan ni kaɗai ce na yanka wandon bautar ƙasata don gwajin ɗinki. Jakata ce ta farko, wadda na wurga a buhu ranar da na fara, na kuma roƙi Allah ya mantar da ni. Ya amsa.

Fa'iza ta ɗaga ta sama kowa ya gani. "To jama'a, ga bokan nan a tsaye da mayafi."

Aka fashe da dariya, har mai suya ta bar cincin ya ƙone. Goggo ce kaɗai ba ta yi ba, kuma wannan ya fi dariyar ciwo.

"Na gan ta a cikin guntaye," in ji ta. "Na ce aikin hannunki na fari ne, bai kamata ya tafi bola ba. Na ga kamar ba kya so a gani, shi ya sa na juya ta." Ta juyo gare ni. "Ashe tsorona kike ji."

Na durƙusa a gabanta. Duk "wataƙila" da "mai yiwuwa" da nake tafe da su suka gudu suka bar ni. Na ce, "Goggo, na yi zato mummuna. Ki yafe mini."

Ta daɗe tana kallona, irin kallon nan da na yi ta fassarawa ba daidai ba. Sannan ta tattara kanumfarin ta mayar cikin jakar, ta miƙo mini.

"Tashi, 'yata. Ki je ki ɗinke bakin da kanki. Amma ki bi a hankali, kada wata ta tsinta ta kai wa malam."

Sai a lokacin ta yi dariya, tana rufe baki da gefen mayafi. Ranar ce ta fara ce mini 'yata.

Yanzu takan zo Pantami ta zauna tana yanka mini ƙyallaye, kuma yankanta ya fi nawa miƙewa. Jakar tana nan a ƙasan akwati da kakinta a waje. A dangi kuwa sunana ya tabbata Bokanya, har yaran da aka haifa bayan abin sun ɗauka sunan yanka ne. Ba zan ce na daina zargi ba, har gobe ina komawa duba gas. Abin da na koya dai shi ne, kafin in tsaya gaban jama'a in rantse cewa babu mai hankalin da zai yi wani aiki, in fara juya shi in tabbatar ba ni na yi ba. Kuma duk abin da zan kai gidan surukai a ɓoye, ba zan sake saka shi a kular abinci ba.