Rigar da Ba Ta da Ƙugu

Ƙanwar matata, Bara'atu, wadda aka sa wa rana bayan Sallah, Allah ya jarrabe ta da wani littafin soyayyar Turawan Ingila na shekara ɗari biyu da suka wuce. Irin wanda ba a komai a ciki sai shan shayi da rawa, iyaye mata na ta kai-kawo suna farauto wa 'ya'yansu miji mai gona da keken doki. Sau huɗu ta karance shi. Da aka mai da shi fim kuwa sai abin ya zama ciwo, don a nan ta ga rigunan da idonta: a tsuke a ƙarƙashin ƙirji, daga nan yadi ya saku har ƙasa, ƙugu ko oho. Ta yanko yadi ruwan madara, ta nufi shagon Baba Tanko tela a Tudun Wada, ta tura masa fim ɗin kacokan a wayarsa, wai kar ya kuskure ko maɓalli ɗaya. Tsoho ya zauna ya kalle shi tas, ya ɗinka mata sak.

Ranar bikin ƙanwar saurayin nata ta zura rigar, tana tafe tana yanga. Ni dai da na gan ta na buɗe baki zan yi magana, matata ta take mini ƙafa. Har yau ina jin haushin shirun da na yi. Yarinya ko zama ba ta yi ba gwaggon saurayin ta ja ta ɗaki, ta turo ƙofa, ta dubi rigar daga ƙirji zuwa ƙasa, ta ce, "'Yar nan, tsakaninki da Allah, wata nawa?"

Daga can ko gida ba ta biya ba sai shagon tela, ido jawur.

"Baba, ka kashe ni! Duk gidan biki cikina ake kallo. Gwaggonsa har ta fara maganar a ɗaga auren!"

"Abin da na gani na ɗinka, 'yata. Ko zare ban ƙara ba."

"To ai a fim ɗin haka 'yan matan ke sawa! 'Ya'yan manya ne fa, kuma duk cikinsu ba wadda ta yi aure."

Baba Tanko ya tsai da keke, ya dube ta ta saman tabarau.

"Ai na gani. Ke ba ki lura da irin saurin da iyayensu ke yi a ɗaura auren ba?"