Hadarin Da Ya Biyo Ta Bayana

Ba zan taɓa mantawa da walimar sunan 'yata Amira ba, kuma ko na so mantawa, 'yan gurup ɗinmu na Hausawan Dubai ba za su bari ba.

Ni mutum ne mai zargin tsiya. Duk abin da aka turo gurup sai na ce, "In ji wa?" To ana gab da walimar, wadda na shirya yi a wani lambu a Bur Dubai, sai abokina Sanusi ya turo hasashen yanayi, wai za a tafka ruwa da iska. Ruwa a tsakiyar sanyi? A Dubai? Nan take na harbo jirginsa. Sanusi na da aboki mai bayar da hayar hol a Hor Al Anz, na ce la'ada yake nema. Da ya ƙara da bidiyon guguwa tana ɗaga mota, na ce ta Amurka ce (a nan kam na yi gaskiya, ita kaɗai na yi a makon).

Matata ta ce, "Baban Amira, mu kama hol ɗin mana. Hajiya fa daga Kano ta taso." Hajiya surukata ce, wadda tun aurenmu take min kallon mai taurin kai, ni kuma na ƙudura ranar zan wanke kaina.

"Khalas, magana ta ƙare," na ce. "A gona na tashi. Hadari daga gabas yake haɗowa, ba daga waya ba."

Ranar an shimfiɗa tabarmi, an jera shinkafa da naman rago. Sanusi, yana hanya, ya rubuto, "Habibi, ka duba sama fa." Na fuskanci gabas, na ɗauki bidiyo, sama garau. Na juyo da kyamarar zuwa fuskata ina washe baki: "Masu hasashe, ina hadarin naku?" Na tura ko dubawa ban yi ba.

Sai dariya ta cika gurup. Wani ya rubuto, "Malam, waiwaya."

Jama'a, a cikin bidiyon nawa, bayan ƙeyata, hadari ne baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ashe na nan ƙasar ta yamma yake zuwa. Iska ta fara da tabarmi, ruwa ya ƙarasa shinkafar, baƙi suka watse da gudu riƙe da takalma. A falon Sanusi aka ƙare walimar da burodi da shayi, kuma kyauta. Kunya kamar in nutse.

Hajiya na matse mayafinta, ta ce a hankali, "Baban Amira, a garinku ba a waiwaye ne?"

Har yau a gurup "Na Gabas" ake kirana. Zargin ban daina ba, amma yanzu in waya ta ce ruwa, lema nake fara ɗauka kafin in ce "in ji wa?"