Niƙan Asabar a Bici

Duk abin da zan manta a duniyar nan, ban da wata Asabar ta tsakiyar damina a garin Bici. Har yau idan ta faɗo mini sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, in kama murmushi ni kaɗai.

Lokacin ina koyar da kwamfuta a wata sakandaren ƙauye, cikin gonakin da ke tsakanin Dawakin Tofa da Bici. Ina koya wa 'yan ajin ƙarshe rubuta manhaja da yaren C. Shi kuwa yaren nan, in ka rubuta shi ba ya aiki sai ya bi ta wata manhaja da ake kira kompaila, wadda ke juya rubutun mutum ya koma abin da na'ura take ganewa. Na ce wa ɗalibai su ɗauke ta kamar injin niƙa: ka zuba tsaba ya ba ka gari, in da tsakuwa a ciki ya yi ƙara. Shi ke nan suna ya bi ta.

Matsalar ita ce ba mu da injin. Abin da aka ba makarantar ƙananan kwamfutocin hannu ne masu tsari irin na waya, kompailar da na koya a kwaleji kuwa ta kwamfutar tebur ce, ba ta hawa kansu. Tawa kwamfutar ta riga ta mutu (ruwan sama ne ya ritsa da mu a kan babur, ni na warke, ita ba ta tashi ba). Don haka duk Asabar sai in kwashe aikin ɗalibai a wayata in kai niƙa Bici, shagon buga takardu na Alhaji Modu, wani dattijo ɗan asalin Barno da ya daɗe da zama Bakano.

'Yarsa Falmata ce ke kula da kwamfutar shagon. Ita ma kwamfuta ta karanta, ita ta sa kompailar a ciki. Za ta zauna tana niƙa aikin ɗaya bayan ɗaya tana dariyar kurakuran yara, ni kuma ina gefe a kan benci ina kallon... to, bari mu ce allon kwamfutar. Ina sonta, maganar gaskiya ke nan. Sai dai ni irin mutanen nan ne da za su yi ta zuba a gaban aji har a buga ƙararrawa, amma su kasa haɗa kalma biyu a gaban mace ɗaya.

Ana haka sai wani abokina ya nuna mini ashe akwai kompailar C ta waya, har ma tana hawa kwamfutocin makarantarmu. Malamin kirki murna zai yi. Ni gabana ne ya faɗi. In an samu inji a gida, da wane dalili zan je Bici? Na sauke ta a wayata na ja bakina na yi gum, na ce wa zuciyata zango mai zuwa zan sa wa yara. Ban ma tsaya nan ba. Sai na tsiri niƙa aikin a gida tun ranar Alhamis, in gyara kurakuran, in kai mata shi tas, don ta ce lallai malamin nan ya iya koyarwa.

Ranar da asirina ya tonu, hanya ta caɓe, na isa da taɓo har ƙwauri. Na tarar an ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, ga Alhaji da kansa a shago shi da wani amininsa suna shan shayi. Na durƙusa muka gaisa.

"Malam, kana shan wahala," in ji Alhaji. "Yanzu duk wayoyin zamanin nan ba wadda za ta iya aikin nan naku?"

Da na ce "Allah ya kawo lokacin, Baba," da an wuce wurin. Ina! Sai malanta ta motsa. Na gyara zama na shiga yi musu bayani, wai ita waya ƙwaƙwalwarta daban, kompaila kuma aba ce mai nauyi, ko a ƙasashen da suka ci gaba ba a ƙirƙiro ta waya ba tukuna. Aminin Alhaji har da gyaɗa kai yana cewa, "Ilimi ke nan."

Sai da na kai aya Falmata ta miƙo hannu.

"Malam, kawo wayar in dudduba aikin da ido kafin a kawo wuta."

Na miƙa mata har da fara'ata. Ta taɓa aikin ɗalibi na farko, ita kuwa waya da ba ta san rufin asiri ba, ta buɗe shi kai tsaye cikin kompailar da na saba buɗe shi da ita. Falmata ta danna, amsa ta fito tar.

"Baba, albishirinka," ta ce tana nuna masa allon. "An ƙirƙiro. A aljihun Malam ma take."

Ina shirin cewa ban san yadda aka yi ta shiga wayar ba (dubi wauta, sai ka ce kaza ce ta shigo zaure), sai ta ƙara da cewa, "Ni dai tun da aikin yaran nan ya daina zuwa da kuskure ko ɗaya na san ana niƙa shi a wani wuri."

Mai "Ilimi ke nan" ya tuntsire da dariya har shayi ya sarƙe shi. Ni kuwa taɓon ƙafata nake kallo, ina fatan ƙasa ta tsage in shige. Na sadaƙar na rasa Asabar, na rasa Falmata, ga sunan maƙaryaci a gaban ubanta.

Alhaji ya ajiye kofinsa.

"To Malam, tunda injin yana aljihunka, me kake kawowa shagona duk mako cikin ruwan nan?"

Ya dube ni, ya dubi 'yarsa, ita kuma ta miƙe da sauri wai za ta duba janareta, tana toshe baki da mayafi.

"Na gane," in ji shi. "Wannan aikin ba a shago ake yinsa ba. Kana da manya?"

"Ina da su, Baba."

"To su zo gida. Amma ka fara zuwa ka sa wa 'ya'yan mutane abin nan, ka daina ja musu rai."

Ranar Litinin na sa musu. Da na ga yadda suka ɓarke da sowa, kowa na kallon abin da ya rubuta yana aiki a hannunsa, sai wata kunyar ta sake rufe ni.

Yau Falmata tana ɗakina, kuma ba ta bar maganar ta kwanta ba. Duk lokacin da na fara kewaye-kewaye a kan wata buƙata, sai ta ce, "Malam, faɗi kawai, ko sai an kawo wuta?"

Abin da na koya shi ne, in za ka yi ƙarya a kan na'ura, kada ka miƙa ta ga wadda ta fi ka saninta. In kuma mutum kake zuwa gani, ka faɗa tun da rani, ka huta da taɓo.