Tuwo da Tsinke a Gidan Malam Inuwa

Jama'a, ranar Laraba bayan magariba na buɗe kwanona na tarar an yanka tuwon masara fale-fale, an zizara masa wani farin abu, an soka tsinke a tsakiya. Na tambayi 'yata Fiddausi ina miya. Ta ce, "Baba, ai yanzu an daina yayin miya. Mayonis ne."

Uwarta Kande ta tafi Riruwai jinyar yayarta, ta bar mata tukunya. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar, wayar da na saya mata don karatu ta zama malamar girki. Wuni take tana kallon tallar wata mata mai dogayen farce tana gutsurar shawarma tana lumshe ido. Tun daga nan duk abin da ba ya kyau a hoto ya daina zama abinci. Kuka wai kalarta ba ta fita. Daddawa kuwa ko sunanta ba a ambata.

Cikina zai iya haƙuri. Abin da ya tayar min da hankali ciyayya ce. Shekara goma sha tara kullum kwanonmu yana shiga gidan maƙwabcina Malam Inuwa, nasa yana shigowa namu. Ko shekarar da muka yi rigimar iyakar gona kwano bai tsaya ba. Yanzu wannan dattijo ake kai wa tuwo da tsinke. Kwana uku sai ga nasa kwanon: dambu an kwaɓa shi da madarar gwangwani, an jera yankan ayaba a kai. Na ce shi ke nan, ramuwa ce. Raina ya ɓaci, kunya ta kama ni, na koma bin bayan masallaci don kada mu haɗu.

Ana cikin haka na ji Mai Girma Sarkin Buɗe Taro, Allah ya ƙara masa rumfa, ya kira gangamin ceto matasa daga abincin waya. Na hau acaɓa na je. Rumfa takwas, janareta biyu, matashi kuwa sai masu riƙe kyamara. Ranka ya daɗe ya yi awa biyu yana yabon gero, har na ji kamar in rungumi zangarniya. Ya kafa kwamitin mutum arba'in da zai fita ƙasar waje ya gano yadda ake tuƙa tuwo. Kai, irin wannan hangen nesa sai an tona. Da ya sauka aka raba wa kowa shawarma da lemon kwalba. Na karɓa, don tun karin kumallo rabona da abinci.

Ina shiga gida Fiddausi ta miƙo min waya. "Baba, ga ka nan a bayan Mai Girma. Ashe kai ma kana lumshe ido."

Na mayar mata da wayarta na shige ɗaki. Ranar kasuwar Kafin Maiyaƙi na sulale rumfar wata mai tuwo, na ɗaga labule. Wa zan gani a lungu? Malam Inuwa, hannu dumu-dumu da miyar kuka.

Muka kalli juna. Ya ce, "Malam Wada, don Allah me na yi maka?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, tambayar da nake ɗauke da ita ke nan. Dambu da ayaba fa?"

Ya ajiye lomarsa. "Zahra'u ce, 'yar autata. Uwarta ta sakar mata girki, kuma tare suke kallon wayar da 'yarka. Ni da na ga tsinken nan na ɗauka ka gaji da ni ne, kana neman in fara tsayar da kwano."

Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce yaji ne. Ni ma yajin ya kama ni, alhali ko loma ban kai ba. Na wanke hannu na zauna, muka ce a juye mana a kwano ɗaya, a ƙaro man shanu.

Kwanukan dai suna nan suna shiga da fita kullum. Babu mai buɗewa da ƙarfin zuciya, amma babu wanda zai fara tsayar da nasa. In kun gan mu ranar kasuwa a bayan labule, ku yi sallama ku wuce. Kada wanda ya ɗaga waya ya ɗauke mu hoto, don a sanin 'ya'yanmu muna wajen sayen taki ne.