Ƙyauren Gambo Tela

"...da gajiyar jiya? Ya ƙarfin jikin tsufa?"

"Lafiya lau, tsufa yana gidanku. Mene ne ka ɓoye a bayanka?"

"Ni? Ba komai."

Ba komai ɗin nan kuwa guduma ce. Kulu mai ƙuli ta leƙo waje ne da hantsi, ta tarar da Gambo tela tsugune a ƙofar shagon da yake haya a jikin zaurenta, nan Makarfi. Keken ɗinkinsa an naɗe shi a buhu, ƙyauren shagon kuma, na kwano, an ɓalle shi an jingine a bango. Gambo ɗan hayarta ne tun shekarar da aka sauke tutar Bature, kuma taubashinta ne, don uwarsa ƙanwar ubanta ce. A lissafin Kulu, bawa ne da ta gada.

Nan take ranta ya ɓaci, har kunnuwanta suka yi zafi. Jiya jiyan nan a bakin rijiya Hajo maƙwabciyarta ta ce mata wai Gambo zai koma Kudan noman rake. Kulu ta dafa ƙirji a gaban matan unguwa ta ce ƙarya ne, in da gaske ne ita za ta fara ji. To ga shi. Yanzu da wane ido za ta koma rijiyar nan?

"Kai bawa! Uban wa ya ce ka cire mini ƙofa?"

"Ƙofarki tana nan, ga ta a hangame kamar bakinki. Ƙyaure na cire, kuma nawa ne. Daga Zariya na ɗauko shi a kan lori."

"Naka? Kai da kanka ma na wane ne?"

"Ji tsohuwa! Da na shigo shagon nan me na tarar? Wata ruɓaɓɓiyar tufaniya, akuyarki ta cinye rabinta, ta bar mini rabi don kunya."

"Akuyata ta fi ka kunya, wallahi. Ita in za ta fita kiwo sai ta yi kuka na ji. Kai fa? Tashi za ka yi?"

Gambo ya sosa ƙeya da ƙotar guduma. "To... dama yau nake cewa zan shigo in gaya miki."

"Yau! Bayan ka gaya wa Hajo, ka gaya wa mahauta, ka gaya wa direban lori, ka gaya wa jakunan kasuwa! Ni da nake da gidan sai a bakin rijiya zan ji? Haka ake tashi daga gidan mutane a danginku na uba? Ai ko ɓarawo ya fi ka ladabi, shi ba ya tsayawa ya tambayi ƙarfin jikina."

"Na shigo mana! Ran nan na shigo, kafin in buɗe baki kika ce wuyana ya yi tsawo kamar na zalɓe, kika tura mini tuwo. Wa zai ba da sanarwa da loma a baki?"

"Da ka haɗiye fa?"

"Tuwonki ne, Kulu. Har yau bai gama sauka ba."

Kai, wannan magana ta ƙona mata rai! Sai ga kawuna sun fara bayyana ta saman katanga, har da na Hajo da ɗankwalinta a karkace. Kulu ta gan su sarai. Ta san in Gambo ya saɓi ƙyauren nan ya wuce a haka, kafin azahar an gama yaɗawa cewa ɗan'uwanta ya gudu daga gidanta ba sallama. Ta tako, ta ja ƙyauren ta kwantar a ƙasa, ta zauna daram a kansa.

"Bismilla. Ɗauki."

"Ke, za ki lotsa mini kwano! Kin san nauyinki kuwa? Ranar da kika hau lorin Ikara sai da aka sauke buhun gyaɗa."

"Ƙarya kake, maƙaryacin tela. Kai da ka ɗinka wa liman wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, bawan Allah yana ta tafiya a karkace har aka fara yi masa sannu."

"Ƙafarsa ce haka!"

"To ka je Kudan ka ɗinka wa rake riga. Amma ba ka fita gidan nan sai ka yi yadda 'ya'yan mutane ke yi."

"Yaya suke yi, ranki ya daɗe?"

"Ka mai da ƙyauren nan inda ka cire shi. Ka koma waje ka yi sallama. In na ga dama in amsa. Ka tuɓe takalmi, ka zauna a ƙasa, ka gaishe ni, ka ajiye goro, sannan ka faɗi abin da ke tafe da kai."

"Lori na jirana a tasha!"

"Ya jira. In ya gaji ya zo shi ma ya yi sallama."

Gambo ya dubi katanga, ya dubi Kulu, ya ga ba wasa a fuskar nan. Da ta tashi daga kai, ya ɗaga ƙyauren yana ƙunƙuni, ya mai da shi, ya bi ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya da guduma, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Kulu kuwa tana zaune a dakali tana ba da umarni. "Ya karkace. Ba wandon liman ba ne, gyara."

Da ya gama ya koma bakin hanya, ya gyara hula, ya kwaɗa sallama da ƙarfi har kaji suka watse. Ta bar shi ya maimaita kafin ta amsa. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa, ya zaro goro fari daga aljihu ya ajiye a gabanta.

"Kulu," in ji shi, muryar ta sauka, "zan koma Kudan. Gonar babanmu ba mai dubawa, iyali kuma suna can su kaɗai. Na zauna gidanki lafiya, ban taɓa kwana da yunwa ba. Abin da na yi miki, ki yafe. Nauyin faɗa miki ne ya hana ni, ba raini ba."

Kulu ta ɗauki goron. Haushin yana nan, amma kewa ta fi shi yawa. Ta ɗaga murya don 'yan katanga su ji. "Na ji daga bakinka. Na yafe. Na sallame ka, Allah ya sa alheri."

"Amin. To yanzu in cire ƙyaurena?"

"Wane ƙyaure? Wanda ka kafa mini da hannunka, da rana tsaka, a gaban shaidu? Hajo, ba ki gani ba?"

"Na gani!" in ji Hajo daga katanga.

Gambo ya fashe da dariya har da buga cinya. "Kin ci ni, muguwar tsohuwa! Allah ya isa gumina." Ya danna kwaɗo a ƙyauren, ya miƙa mata makulli da hannu biyu.

Kulu ta juya makullin a tafinta, ta jefa masa a cinya.

"Riƙe tsiyarka. Ranar kasuwa in ka kawo rake, a gidan uban wa za ka sauka?"